Gwanin Baba da Alwalar Ustaz

Ban san ana yi wa tuƙa keke gardama ba sai da Baba ya sauka a gidanmu na Ainu Shams. Ni a sanina keke abin zuwa cefane ne da kai niƙa. Baba mutumin Damagaram ne, tsohon malamin makaranta, ya zo Alƙahira neman maganin ciwon daji a bazarar 2012. Larabcinsa bai wuce na salla ba, ni kuwa ina haɗa karatu da yi wa marasa lafiya tafinta a asibiti, kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi. Ɗansa ne ya kawo shi, da aiki ya kira shi gida ya bar mana amanarsa ni da abokin zamana.

Abokin zaman nan ɗalibin hadisi ne, Bazazzage, kowa Ustaz yake ce masa. Mutumin kirki ne, sai dai in ka ce masa yau ana zafi zai tambaye ka daga wa ka ji. Yana ƙaunar gardama fiye da nama, kuma bai yarda da ƙarya ba ko ta wasa. In mai gidan haya ya ƙwanƙwasa na ce a ce ba na nan, Ustaz zai buɗe ƙofa ya ce na ce ba na nan.

Baba tun yana saurayi aka tura shi kwas Faransa. Wata rana ya tsaya bakin titi tun safe yana jiran 'yan tseren keke, da suka zo kafin ya gama buɗe baki sun wuce. Tun daga ranar cutar son tseren keke ta kama shi, in ji shi, kuma ita ba ya neman maganinta. Da watan Yuli ya kama, ya yi ta latsa rimot har ya gano tashar da ke nuna babban tseren Faransa. Sharhin da Larabci ake yi, don haka aikina ya ƙaru: da safe tafintan likita, da yamma tafintan keke. Ina kallon ƙarti sun ƙanƙame cikin matsattsun kaya suna hawan dutse harshe waje, ina fassara, inda mai sharhi ya yi sanyi in ƙara gishiri.

Baba yana da gwani, ko da yake a lokacin gwanin ya riga ya ajiye tsere. Wani ne da ciwon daji ya kwantar har aka fid da rai, ya tashi ya hau keke, ya yi ta cinye wannan tseren shekara bayan shekara. A wurin Baba ba a yi kamarsa ba, ba kuma za a yi ba. Ustaz da ya ji an yanke hukunci babu hujja, sai jikinsa ya fara ƙaiƙayi. Mutumin da ban taɓa ganin ya hau keke ba ya tafi shagon intanet na bayan tashar jirgin ƙasa ta metro, ya wuni, ya dawo da nasa gwanin: wani na zamanin da, wanda ba ya barin tsere ko ƙarami ko babba, na wuni guda da na makonni, a dutse da a shimfiɗe, da sanyi da zafi.

Daga nan gidan bai sake zama lafiya ba. Ustaz ya ce gwanin Baba sau ɗaya ake ganinsa a shekara, kamar mai zuwa masallaci daga Idi sai Idi, nasa kuwa kullum yana sahun gaba. Baba ya ce a zamanin gwanin Ustaz da mayunwata ake tsere, wanda ya ci ya ƙoshi shi ke zuwa na ɗaya. Ustaz ya ce gwanin Baba yaransa ke tare masa iska su ɗauko masa ruwa, kamar gwamna cikin jerin motoci, sai an kusa isa ya fito ya ɗaga hannu. Baba ya ce to shi wancan shi kaɗai yake tafiya kamar maraya? Har Ustaz ya shiga jera su hawa-hawa yadda ake jera masu ruwaito hadisi, wannan siƙa ne wato amintacce, wannan da dama-dama, wannan a bar shi. Gwanin Baba dai ya ƙi ba shi matsayi, wai yana bincike. Ni nawa zuga ne, wanda na ga ya fara lafawa in tuna masa abin da ɗayan ya ce jiya.

Gardamar tana da amfanin da mu biyu muka sani ba mu faɗa ba. Maganin da ake ɗura wa Baba ta jijiya a wani asibiti a Ma'adi mugun magani ne. In muka dawo sai amai, abinci ya ƙi shiga, gashin kansa ya zube, har gemun da yake ji da shi. Duk dawowa sai ya ce halas, ya isa haka, a nemo masa jirgi, gara ya mutu a ɗakinsa. Likita kuwa ya gaya mini in ya katse a tsakiya, wahalar baya ta tashi a banza. Abin da ke mayar da shi asibitin ɗaya ne. Bayan kwana biyu zai tashi zaune ya ce mutuminsa ya sha wanda ya fi wannan ɗaci, kuma ya hau dutse bayansa. Sai ya nemi hularsa.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki muna zaune da yamma, labaran wasanni suka fara da hoton gwanin Baba. Mai karantawa ya ce hukumar da ke farautar masu shan maganin ƙara kuzari ta same shi da laifi, za a karɓe duk kofunansa. Na dubi Ustaz, na ga fuskarsa ta kasa zaɓa tsakanin murna da tsoro. Baba ya tambayi abin da suke cewa. Na ce tarihin manyan gwanaye suke kawowa, kuma da nasa suka fara. Baba ya juya wajen Ustaz ya ce ko haka ne. Ustaz ya miƙe ya ce bari ya yi alwala, alhali bai daɗe da idar da la'asar ba.

A kicin ya tsare ni da raɗa. Ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, amma ba zai zama sanadin da dattijon nan zai bar magani ba. Muka shirya: ni in yi ƙaryar, tunda na saba, shi kuma ya riƙa gudu. Ban taɓa jin tausayin mutum ina dariya a ciki ba kamar lokacin. Ga hujjar da ta gama gardamar gaba ɗaya a hannunsa, irin wadda ɗalibin hadisi ke mafarkin samu, an ce ya haɗiye.

Baba kuwa sai gardamar ta ƙara masa daɗi. Da an gama cin abinci zai gyara zama ya ce, yau dai a gaya masa, wane laifi aka taɓa kama gwaninsa da shi? Ustaz ya tafi alwala. In hoton ya sake fitowa a talabijin, ni in ce wata lambar girma ce za a ba shi, Baba ya ce masha Allah, girma a kan girma, Ustaz ya tafi alwala. Har maƙwabcinmu na ƙasa ya hau ya yi ƙorafin cewa injin tura ruwa ba ya hutawa. Na ba shi haƙuri, na ce ma'alish, muna da mai yawan ibada.

Ana gobe za mu koma asibiti, bayan la'asar, Baba ya sa kujerarsa a bakin ƙofar banɗaki ya zauna. Ya ce jikinsa ba ƙarfi, bai san ko zai iya zuwa gobe ba. Abu ɗaya yake so kafin nan.

"Ustaz, ka gama binciken naka. Mutumina siƙa ne ko ba siƙa ba ne?"

Ustaz ya dubi ƙofar, Baba ya tare ta. Ya dube ni, na shiga gyaran rimot. Gumi ya tsatso masa a goshi. Ya sunkuyar da kai kamar mai shan maɗaci.

"Siƙa ne, Baba. Ku dai ku je asibiti."

Baba ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, muka ruga neman ruwa. Da ya samu numfashi ya ce ɗansa ya bugo masa waya tun washegarin ranar, kuma yana da 'yar rediyonsa a ƙarƙashin matashi. Mu a zatonmu Faransancin ma sai da tafinta yake ji? Ya ce so yake ya ga iyakar alwalar Ustaz, kuma ya gani. Sai dariyar ta tsaya. Ya ce ranar da ya ji bai iya cin komai ba, muka ɗora wa magani laifin, ya ƙyale mu. Ya ji ciwo ƙwarai, don shekara da shekaru yana kare mutumin da ke yi masa ƙarya.

"A keke ka ci gardama, Ustaz, naka ne babba. Amma kofuna suka karɓe. Ciwon fa, sun mayar masa?"

Ustaz ya ce a'a. Idonsa ya cika, bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Baba ya ce to shi dama ba kofi ya zo nema Masar ba. Sannan ya juyo kaina, ya ce tunda ya ga yadda nake gyara labari, yana da roƙo. Ya lura likita zai yi magana mai tsawo yana kallon ƙasa, ni kuma in ce wai da sauƙi.

"Gobe, ɗana, abin da ya faɗa shi za ka faɗa mini. Kada ka rage, kada ka ƙara."

Da safe muka hau metro zuwa Ma'adi, Ustaz ya bar darasi ya biyo mu yana riƙe da jakar. Likita ya duba hotunan ya yi bayani, ni kuma na bi shi jimla bayan jimla. Na faɗi cewa ƙullun ciwon bai ragu yadda aka so ba. Na faɗi cewa za a canza magani zuwa wanda ya fi wannan wahala, kuma ba ya yi wa kowa alkawari. Ban taɓa yin fassarar da ta yi mini nauyi kamarta ba. Baba ya saurara har ƙarshe, hannunsa a kan gwiwa. Ya ce in tambayi likita ko yau za a fara. Likita ya ce in ya yarda.

Baba ya cire hularsa ya miƙa wa Ustaz, ya naɗe hannun rigarsa.