Zanen da Kaka Gado ya ce in aiko

Shekara goma sha biyu ke nan da munka binne Kaka Kande, uwar babana, a Dogon Dutsi. Kowace shekara in watan ya zagayo nakan sa hotonta a waya, in rubuta "sai mun sadu a gaban Ubangiji", shi ke nan. Bana abin ya ƙi tsayawa nan. Cikin taksi nake buga wanga rubutu a Yamai, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri, kaina ma ba daidai yake ba.

Mu jikokinta duk mun haddace labarinta. An ɗaura mata aure da Kaka Arzika a shekarar da ƙasa ta samu 'yancin kai, a wani ƙauye kusa da Geceme. Gidan su Kaka Kande gidan doguwa ne, iskar da ake gada tun kakanni, kuma ita anka ce doguwar ta zaɓa. Arzika yana ɗebo ruwa a asibitin mishan, nan ya ji bishara ya karɓi Yesu. Ita ma ta karɓa, har ta fi shi riƙewa. Shekara ɗaya, biyu, biyar, ba ciki. Dangi sunka ce doguwa ce ta ɗaure mahaifa, a yanka mata baƙar akuya a gindin tsamiya ta kwance. Kande ta ce a'a, jinin da za a zubar dominta an riga an zubar, an fanshe ta, ba a fansar mutum sau biyu. Shekara tara tana jira, mata na yin shiru in ta iso bakin rijiya. Sannan ta haifi babana, shi kaɗai. Har yau in fasto zai yi wa'azin lokacin Allah a majami'armu ta gida, sai sunanta ya fito.

To ni kuma aurena shekara biyar. Analiz na jini, eko na hoton ciki, randebu bayan randebu a asibiti, likita ta ce ni da mijina lafiya lau muke. Matan majami'a sai su dafa ni su ce, "Ke jikar Kande ce, jira." Ina jira ɗin. Da labarinta nake tashi, da shi nake zuwa bikin sunan ƙawayena ina murmushi.

Watan jiya na tahi biki Geceme, na iske Kaka Gado, ƙanen Kaka Kande, wanda bai taɓa barin hanyar gidansu ba.

"Amaryata, zo nan. Har yanzu bayan naki wayam?"

"Kai tsoho, haƙora sun ƙare amma baki bai mutu ba. Lokacin Allah nake jira, kamar yayarka."

Ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Yayata? Ni na yanka akuyar da hannun nan. Ai ba sai mace ta zo ba. Zanen da ta ɗaura ake so, wanda ba a wanke ba, a shimfiɗa a gindin itace. Kin san wa ya kawo? Arzika, dattijon majami'arku, cikin buhun gero ya ɓoye shi. Damina ba ta zagayo ba anka haifi ubanki. Aiko da naki a mota, sauran aikina ne."

Ban ci tuwon bikin nan ba. Ina isowa Yamai na kira babana, ina jiran ya ce ƙarya ce ta tsufa. Sai ya ce gaskiya ne, kuma Kaka Kande ta sani. Wai Kaka Arzika da bakinsa ya gaya mata, yana hawaye, lokacin tana goyo. Ta dube shi ta ce, "Zane ka kai, ba ni ka kai ba." Sannan baba ya ƙara da cewa, "Gado bai gaya miki wancan ne karo na uku ba? Biyun farko ba abin da ya faru."

Nan na ƙara rikicewa. Gado akuya ta ƙarshe kaɗai yake tunawa. Majami'a kuma ba ta tuna ko ɗaya. Kowa ya yanke labarin daidai inda ya yi masa daɗi, ni anka bar wa ragowar. Sai na tuna Inna Ladi, ƙawar Kaka, wadda anka yi musu baftisma rana guda. Ita ma ta ƙi akuya, ita ma ta jira, har ta mutu ba ta taɓa goyo ba. Ban taɓa jin an ba da shaidarta ran Lahadi ba. Nata lokacin yaushe ne? Na tambayi fastonmu na nan, ya ba ni aya mai kyau, amma ba amsar tambayata ba ce.

Nakan yi tunanin me Kaka za ta ce da ta ga zamaninmu. Na'urar da ke leƙa cikin mace za ta ba ta dariya. Amma addu'o'in nan da ake turo mana a waya, wai ki ce amin cikin kwana bakwai za ki ga mu'ujiza, na tabbata tsaki za ta ja. Ita ba ta taɓa yanka wa Allah rana ba. Ni kuwa kowane wata sai na yanka masa.

Bari in faɗi abin kunya. Ran Asabar na ninke zanen da na wuni da shi, na sa a leda, na hau kabu-kabu zuwa tasha. Mijina bai sani ba. Direban motar Geceme ya miƙo hannu, "Madam, saƙon wa?" Na janye ledar. Na ce masa na manta lambar mai karɓa, na juyo. Kar ku yaba mini. Har yanzu ban san ko bangaskiya ce ta hana ni ba, ko tsoron ranar da zan zauna gaban mijina in gaya masa da bakina.

Abin da na gane kaɗai shi ne na daɗe ina riƙe labarinta ta wutsiya. Mu mun san shekara tara ce, ita ba ta sani ba. Ranar da ta ce an fanshe ta, bayanta wayam yake, kuma ba wanda ya yi mata alkawarin ba za ta ƙare kamar Ladi ba. Wannan ne ya rage mini daga gare ta, ba haihuwar ba. Ban kai nan ba tukuna, wata rana ina jin na kusa, wata rana ko addu'a ba ta fita.

Jiya da rana Kaka Gado ya ari wayar maƙwabci ya kira ni.

"Amarya, motoci uku sun shigo. Ina zane?"

"Yana jikina, tsoho. Da shi na je sujada yau."

Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Wanga taurin kai na san shi," ya ce. "Shekara tara na yi ina fama da shi."