Muryata a Rediyon Mutane

Shekarar da na zo garin Sterling, can ƙasar waje, renon jikata, ɗana na fari yana tuƙin tasi a filin jirgi. A motarsa na fara ganin abin: ɗan ƙarfe kamar yatsa, soke a ramin kunna sigari, da waya zuwa 'yar na'urar da yake tara karatu da waƙoƙi. In ya murɗa rediyo zuwa inda babu tasha, sai abin da ke cikin na'urar ya fito.

Ban so shi ba. A Damagaram na tashi, na san mai magana ta rediyo gwamnati ce, ko sojan da ya ture ta. Ga shi takardunsa na zaman ƙasar ba su gama fitowa ba. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na haɗa ido da shi, don haka matarsa na fuskanta, yana zaune.

"Tambayi wannan, wa ya ba shi izinin buɗe gidan rediyo?"

Ya yi dariya. "Inna, doka ta yarda da ƙananan. Wannan ba ya wuce motocin da ke kusa."

Duk da haka, duk motar 'yan sanda da ta biyo mu sai na bi ta da ido.

Akwai waƙar da nake lallashin yarinyar da ita in mun rage mu biyu. Ita na yi wa ubanta yana jariri, ƙasa-ƙasa, a ƙuryar ɗaki. Sunansa na ciki. Ashe surukata ta ɗauke ta a na'urar, wai don yarinya ta riƙa barci a hanya.

Wata Juma'a muna fitowa daga masallaci, wata 'yar Maraɗi ta kama hannuna a gaban mata.

"Hajiya, ashe zabiya gare mu! Maigidana ya tada mota sai ga muryarki. Kuma kin iya kiran sunan nan da daɗi!"

Direbobinmu duka wuri ɗaya suke ajiye rediyonsu, tunda shi ne babu tasha. Na dubi layin motoci, maza zaune a ciki, gilasai a sauke.

Sai da na kama murfin motarmu na tuna yarinyar tana goye a bayana tun safe. Ɗan nawa shi kaɗai ne a ciki. To wa yake kunna wa?

Na zauna, na ce wa surukata, "Doka ta yarda, ni ban yarda ba."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Inna, nan ne kawai na taɓa ji kin kira ni."

Na miƙa hannu na zare ƙarfen. Yana cikin akwatina har yau. Waƙar kuwa ban ce a goge ba, ban kuma sake yin ta ba. Yarinyar ta daɗe tana kuka kafin ta saba da barci ba waƙa.