Rabon Ruwan A-kori-kura

A shekarun fari ina yarinya, muna zaune Gatawa. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe, sai mun taka har fadama mu jira ruwa ya tsattsafo. A tsakar gidanmu kuwa akwai tsohuwar a-kori-kura, gadon kakana, lulluɓe da tabarmi. Ba ta zuwa ko'ina, amma duk Juma'a da safe babana zai buɗe kanta. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya goge da tsumma, ya kwance fulogi ya kankare, ya taɓa fambel, wato bel ɗin fanka, ya ji ko ya saki. Lagireton yana ɗan yoyo, sai ya cika shi, ya tada inji, ya kasa kunne kamar mai sauraren numfashin jariri.

Ruwan nan ni ke ɗauko shi a kaina. Kakata, Inna Hajo, ita ke tace shi da farin mayafi, ta bar shi ya kwanta a tulu don kada laka ta toshe cikin motar.

Wata rana bayan magariba, muna gewaye da murhu ana dafa tafasa, na kasa haƙuri.

"Inna, mu muna shan laka, ƙarfe na shan tatacce?"

Ta yi dariya, ta gyara icce. "Ji mini 'yar nema, bakinta ya fi ta girma! Matso, ga wata tatsuniya nan ta iso, ku karɓe ta."

Ta ce an yi wani mutum mai raƙuma ɗaya. Da yunwa ta zo, kowa ya saki dabbarsa ta nemi kanta. Shi ko kullum sai ya ɗaga ƙafafunta ya cire ƙaya, ya raba ruwansa biyu ya ba ta rabi. Mutane na cewa, "Ina za ka da ita?" Shi kuma ya ce, "Ban sani ba tukuna." Ran da labari ya zo an samu hatsi bayan tudu bakwai, kowa ya ruga wurin raƙuminsa, ya daka, ya ja, babu wanda ya tashi. Shi ko kira ɗaya ya yi, tasa ta miƙe.

"To, sai mi?" in ji ni.

"Sai ki tashi ki rufe min tulu, kaji na nan."

Da damina ta kewayo, ruwa ya sauka da ƙarfi, amma yawancin gidaje sun cinye irinsu. Kawuna da ke Isa ya aiko cewa ya ɓoye irin gero, a zo kafin ƙasa ta bushe. In da jaki za a je, kafin a dawo laimar ta wuce. Maƙwabtan da ke yi wa babana dariya suka tsaya cirko-cirko a ƙofar gida. Ya yaye tabarmi, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Sau ɗaya, ta tashi, ya kama hanyar Isa.

Washegari unguwarmu duka ta yi shuka.

Inna ba ta taɓa ce mini "kin gani" ba. Na daɗe ina ɗauka labarin na raƙuma ne. Sai da na haifi nawa, na ga yawancin aikin riƙon gida irin wannan ne, kana yi ba wanda ya ga amfaninsa sai ranar da aka buƙata. Yanzu idan ɗana ya buɗe kan motarsa ran Juma'a, ba na jira ya tambaya. Ni ke tace mishi ruwan.