Yadda Lino Buttigieg Ya Sauke Motarsa

A duk garin Whyalla, inda rabin mazajen suka tsufa a masana'antar ƙarfe, babu wanda ya san halin ƙarfe kamar Lino Buttigieg. Shi da kansa ya tabbatar da haka sau da dama, waɗanda suka yi masa gardama kuwa suna nan, ana gane su ta karyayyen hanci. Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar, zaune a cikin ɗan akwatin gilashi na injin ɗaga kaya, can sama kusa da rufi, ƙarfe na wucewa ta ƙarƙashinsa. Bai taɓa narka shi ba, bai taɓa lanƙwasa shi ba. Amma dai ya gan shi da yawa.

Ubansa ya zo daga Malta a jirgin ruwa, ya mutu ya bar masa gado iri biyu: wuya mai kauri, da imanin cewa duk abin da ya ƙi yin aiki duka ne bai ishe shi ba. Lino ya gwada wannan ilimi a kan firij, da rediyo, da injin yankan ciyawa, da alƙalan wasan ƙwallo guda biyu, da wani surukinsa a wurin bikin baftisma. Wani lokaci abin yakan yi aiki, shi ya sa bai daina ba. Mutum ɗaya ce bai taɓa ɗaga wa hannu ba, matarsa Noelene, kuma yakan faɗi haka da muryar wanda ke jiran lambar yabo.

Ita Noelene shekara ashirin da shida ta yi a gidan kula da tsofaffi, tana ɗaga su daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, har bayanta ya ce ya gaji. Likitoci a Adelaide suka haɗe mata ƙasusuwan baya biyu da ƙusoshi huɗu. Suka ce shekara guda cur kada wani abu ya girgiza ta, sai ƙashin ya kama.

A wannan shekarar Lino ya ajiye aiki, ya sayi mota ta hannu, mai launin ruwan ƙwai, irin mai rufin yadi da ake naɗewa baya. Don ita ya saya. Tun suna saurayi da budurwa take cewa tana son ran Lahadi a bi da ita bakin teku kai a buɗe, da kifi da soyayyen dankali a takarda a kan cinyarta.

Sai dai a kulob ɗin ƙwallonsu ba a duba injin sabuwar mota. Tsugunawa ake yi, a cusa yatsu tsakanin taya da jikin motar, a ƙirga. Yatsa biyu shi ne mutunci. Ɗaya na samari ne da ba su san amfanin ƙoda ba. Ranar da Lino ya kai motar, Rusty Tregenza, wanda suka yi makaranta tare kuma suke faɗa tun lokacin, ya tsuguna a gaban kowa, ya zura yatsa huɗu, har da sauran wuri.

"Ɗan Malta, mota ka sayo ko raƙumi? Da tsani Noelene ke hawa?"

Lino ya dawo gida ya ce zai canja sifirin ɗin motar, naɗaɗɗun ƙarafan nan da ke ɗauke da jikinta a saman tayoyi, ya sauke ta ƙasa.

Noelene tana tsaye jingine da teburin kicin, don zama na yi mata wuya. Ta ce, "Ka sauke ta har ta riƙa lasar kwalta idan kana so. Amma ranar da ta buga mini baya, ni da ita mun gama. Ka ji ni, tsoho?"

"Ƙarfe ne fa, Noel. Ni za a gaya wa ƙarfe?"

"Nawa ƙarfen a cikin jikina yake."

Mai shagon kayan mota, Darcy Pohlner, siriri ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya ɗora sifirin iri biyu a kan kanta. Ɗaya gajere, mai kauri, zagayensa duk tazara ɗaya. Ɗayan ya ɗan fi tsawo, zagayen samansa a matse suke kusa da juna.

"Waɗannan na saman da ka ga sun matsu, su ne masu laushi," in ji Darcy. "Su ke shanye ƙananan ramuka. Mota marar rufi kamar kwali ce da aka yanke wa murfi, ko'ina murɗawa take. Ka sa mata mai tauri, duk abin da taya ta taka jikin motar zai sha, daga nan kujera, daga nan wanda ke kan kujerar."

"Yatsa nawa?"

"Mai laushin zai bar maka uku."

"Biyu nake so."

"Na sani. Kowa biyu yake so. Yaya bayan Noelene?"

Lino ya miƙa hannu ya damƙi wuyan rigar Darcy, ya jawo shi har cikinsa ya hau kan kantar. Tabarau ya faɗi. Akwatin ƙusoshi ya kife, suka watse a ƙasa kamar an zubar da gyaɗa. Fuskar Darcy ta yi ja, amma ya samu ɗan numfashin da zai ce, "Ko ka shaƙe ni, abokina, uku ne."

Lino ya sake shi, ya kai wa bango naushi, hannunsa ya shige har wuyan hannu. Sannan ya sayi mai laushin. Darcy ya rataya kalanda a kan ramin.

Lahadi uku suka yi lafiya. Motar na tafiya kamar ana jan ta a kan katifa. Noelene ta sayi ɗankwali don iska, ta fara zaɓar hanya, har ta yi maganar su je Port Augusta wurin ƙanwarta idan zafi ya ragu. A duk aurensu Lino bai taɓa yin wani abu da ya dace haka ba, kuma da ya tsaya nan da ba a rubuta labarinsa ba.

Ran Asabar ta huɗu, bayan an tashi wasa, Rusty ya sake tsugunawa. Ya zura yatsa uku, ya karkaɗa su a ciki don na nesa su gani.

"An samu ci gaba, jama'a. Raƙumin ya fara durƙusawa."

Yana tsugune Lino ya kama gashin ƙeyarsa ya buga goshinsa a ƙofar motar. Rusty ya tashi jini na zuba masa a ido, ya ɗauki kujerar roba ya fasa ta a kafaɗar Lino. Suka rungumi juna, tsofaffi biyu masu shan maganin hawan jini, suka faɗa kan teburin gasa tsiran alade. Garwashi ya zube, wani ya taka da silifa. Lino ya ciji kunnen Rusty, Rusty ya cusa masa babban yatsa a ido. Mutum biyar suka raba su, ɗaya ya tafi da karyayyen ɗan yatsa. Kwamitin kulob ya dakatar da Lino wata uku. Ya koma gida ido a kumbure, ya tsuguna a gareji ya auna. Uku ne har yanzu.

Ran Litinin da safe, Noelene na wurin motsa jiki a ruwa da likita ya rubuta mata, ya ari ƙarafan matse sifirin a wurin maƙwabci, ya ɗaga motar, ya ciro duka huɗun. Ya jera su a ƙasa ya yi musu kallon masani. Zagayen ƙasa masu tazara, a ganinsa, su ke ɗaukar nauyi. Na saman nan kuwa sun matsu wuri ɗaya kamar ma'aikatan ofis, ba sa tsinana komai. Ya tayar da injin yankan ƙarfe, tartsatsi ya cika garejin, ya datse zagaye ɗaya da rabi daga saman kowanne. Wato daidai abin da ya saya don matarsa shi ya yanke ya jefa a kwandon shara.

Ya mayar da su, ya sauke motar, ya tsuguna. Biyu. Ya mayar wa maƙwabci kayansa, bai gaya wa kowa ba.

Ran Lahadi a hanyar zuwa Noelene ta ce, "Yau kamar tana da tauri."

"Iskar taya ce. Na ƙara jiya."

Suka sayi kifinsu. A hanyar dawowa akwai inda titi ya tsallake layin dogo, wurin da suka sha bi a baya ba su ma lura ba. Lino bai rage gudu ba. Gaban motar ya nutse, babu abin da ya rage da zai tare shi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe da ƙara irin ta guduma a kan maƙera. Gilashi ya girgiza a mazauninsa. Sannan bayan motar ya yi nasa.

Noelene ba ta yi ihu ba. Takardar ta zame daga cinyarta, dankali ya watse a ƙafafunta. Hannayenta biyu suna riƙe da gefen kujera, leɓenta ya yi fari.

"Tsaya," ta ce.

Ya tsaya.

"Kada ka taɓa ni. Kira motar asibiti. Ba na jin ƙafata ta hagu." Ta rufe ido. "Me ka yi mata, Lino?"

Ƙusa ɗaya ce daga cikin na bayanta ta karye, ta danne jijiya. Kafin la'asar an sa ta a ƙaramin jirgin asibiti zuwa Adelaide. Babu wurin Lino a jirgin, aka ce ya biyo da safe.

Ya koma gareji. Da farko ya ɗauki ƙarfen kwance taya ya bi fitilun motar ɗaya bayan ɗaya, ya fasa madubin gefe, ya yaga rufin yadin da wuƙa. Da numfashinsa ya ƙare sai dabara ta zo masa: zai mayar da tsofaffin sifirin na asali yanzu-yanzu, kafin ya je wurinta, don ya samu abin da zai gaya mata. Maƙwabci ba ya gida. Ya matse dogon sifirin ɗin da igiyar ɗaure kaya guda biyu, yana ja yana taka shi da gwiwa, har ya gajarce. Ya kai shi mazauninsa, ya ƙi zama, saura kaɗan. Lino ya san maganin abin da ya ƙi zama. Ya ɗauko guduma.

A bugu na biyu igiya ɗaya ta zame. Sifirin ɗin ya same shi a haɓa, ya karya muƙamuƙinsa wuri biyu, ya tafi da haƙori huɗu, ya wuce ya huda kwanon garejin, ya faɗa lambun tumatirin maƙwabci. Can matar maƙwabcin ta tsince shi, ta leƙo don ta yi faɗa, ta tarar da Lino kwance a cikin jini da man inji.

Haka aka yi bai tuƙa mota zuwa Adelaide ba, shi ma jirgin ne ya kai shi. Asibiti ɗaya, hawa daban. Aka ɗaure masa baki da waya mako shida, lokacin da har yau 'yan kulob ke tunawa da alheri.

A kwana na biyar aka turo shi ɗakinta. Tana kwance a miƙe, ba ta iya juya wuya, sai ido. Ta daɗe tana kallon kumburarriyar fuskarsa.

"Yatsa nawa ka samu?"

Ya ɗaga biyu.

"To, madalla. Rusty ya gani?"

Ya girgiza kai, abin ya yi masa zafi.

Darcy Pohlner ne ya je da motar jan motoci ya ɗauki motar, ya mayar mata da sifirin na asali da kayan aikin da suka dace, ya sa fitilu, ya ɗinke rufin. Bai yi maganar kalanda ba. Ta koma yatsa huɗu.

Noelene na tafiya yanzu da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, tana jan ƙafar hagu. Ta cika maganarta, ko ƙofar motar ba ta sake taɓawa ba. Ran Lahadi takan zauna a baranda a kujera mai tsayayyen baya, Lino ya je shi kaɗai ya sayo kifin, ya kawo ya huce. Kafin ya shiga motar yakan tsuguna da ƙyar, ya zura yatsunsa, ya girgiza kai. Sannan ya buɗe ƙofa ya zauna.

Daga baranda ana ganin tayar sosai. Nauyin Lino kilo ɗari da ashirin da huɗu ne, idan ya zauna gefensa na sauka ya koma yatsa biyu. Tun ranar da ya sayo motar haka take yi.