Shekarar Da Ƙauyenmu Ya Zama Na Hausawa Zalla

Mahaifiyata Bazabarma ce. Ta yi shekaru masu yawa a ƙauyenmu da ke kusa da Gulma, amma Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da cinikin kifi ba. In zancen ya kai ga ciwo, sai Zabarmanci. Kusan rabin matan unguwarmu haka suke. Abin da ya rufa musu asiri shi ne malamar asibitin ƙauyen, ita ma Bazabarma, wadda in suka shiga wurinta suka ja labule, sai su faɗi abin da ko mazajensu ba su sani ba.

Wata shekara bayan an yanke shinkafa, ma'aikatan lafiya suka aiko a ƙidaya mutane gida-gida, a rubuta harshen uwa na kowa, domin a san inda za a ajiye ma'aikatan da ke jin wane yare. Niyya mai kyau, wallahi. Sai dai kafin masu ƙidayar su sauka daga babur, labari ya riga su isowa. Wani mai ilimin bakin kasuwa ya dawo daga Argungu ya shaida wa majalisa cewa duk wanda ya ce Zabarmanci za a rubuta shi ɗan Nijar, a cire shi daga rabon takin zamani. Ba wanda ya tambaye shi inda ya ji. Nan take dattawan da tun ina yaro nake jin suna zagin awaki da Zabarmanci suka zama Hausawa tun kaka da kakanni.

Masu ƙidayar samari ne, saboda haka iyakarsu zaure. Mahaifina ya sa babbar riga ya tarbe su kamar masu neman aure.

"Baba, wane yare iyalinka suka tashi da shi?" in ji ɗayansu.

"Gidan ga kowa Hausa shika yi," in ji mahaifina. "Rubuta Hausa."

Daidai lokacin mahaifiyata tana tsakar gida tana yi wa kaji faɗa da Zabarmanci, muryarta har bakin hanya. Yaron ya ɗaga kai, mahaifina ya yi gyaran murya, yaron ya sunkuya ya rubuta. Haka aka bi ƙauyen kaf ana tambayar harshen uwa, ba a tambayi uwa ko ɗaya ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Manya a Birnin Kebbi suka duba sakamako suka ga ƙauye ya zo fes, Hausawa zalla. Suka yi abin da hankali ya nuna: me mai jin Zabarmanci take yi a nan? Aka ɗauke malamar aka kai ta inda mazan suka faɗi gaskiya, aka kawo mana wani saurayi mai kirki da Hausa tsantsa a bakinsa. Takin kuwa, da Bahaushe da Bazabarme ba wanda ya gan shi a shekarar.

Da damina ta kama, mahaifiyata ta fara ramewa. Tana aiki sai ta dafe mara ta zauna. Na ce mu je asibiti, ta ƙi. Ta ɗauki maƙwabciya ta yi mata tafinta? Kafin la'asar an ji a bakin rijiya. 'Ya mace ba ta haifa ba, ƙannena kuma sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Saura ni, ɗan fari, wanda ko sunana ba ta taɓa kira ba saboda kunya, in za ta ba ni abinci ma sai ta ajiye ta kau da kai.

Da abin ya yi tsanani na matsa, na ɗauke ta zuwa wani asibiti a Birnin Kebbi. Likitar mace ce, ta yi mana fara'a, ta ce in tambayi Inna ina ke mata ciwo, kuma tun yaushe. Na juya na tambaye ta da Zabarmanci. Rabon da mu yi doguwar magana ido da ido ni da ita, na manta.

Ta kalli bango. Hannunta yana kan mararta, ta damƙe zani. Na san ba ƙaramin abu take ɓoyewa ba, tsoro ya kama ni. Na roƙe ta, na ce ta ɗauka ba ni ba ne, baki ne kawai aka ara.

Daga ƙarshe ta yi magana a hankali, ba ta dube ni ba.

"Me ta ce?" in ji likitar.

"Ta ce kanta ne ke ɗan sara mata."

Aka ba mu maganin ciwon kai, na riƙe mata mayafi ta hau mota. Ba ta kai girbin shinkafa ba.