Barcin Saja a Bakin Ruwan Ajiwa

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Ƙofar Guga, mu uku a tsohuwar motar Kofur, wadda ba ta tashi sai an tura. Ni na tura. Saja yana zaune a baya ya harɗe hannu. Dukanmu tsofaffin sojoji ne, tare muka yi aiki a gabas, kusan tare aka sallame mu. Ni yanzu gadi nake yi a wani gida a GRA, Kofur yana sayar da kayan gyaran babur. Saja kuwa ba ya komai.

Bari in faɗi dalilin tafiyar, kada wani ya ɗauka shan iska muka je. Saja ya daina barci. Matarshi ce ta same ni har wurin aiki, ta ce, "Yaya, abokinka ya ƙi kwanciya. Kujera yake ɗauka ya zauna a zaure yana kallon ƙofa. Ko kwano ya faɗi sai ya zabura ya yi kan yara da tsawa." Ta ce yayyenshi sun gama magana, bayan Juma'a za su kai shi ƙauye wurin wani mai magani da ke sa mutane a mari. Na san irin gidajen nan. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarshi yana tsaron ƙasa, a ce ƙarshenshi sarƙa a ƙafa. Ban yi karatu mai nisa ba, ban san maganin wannan ciwo ba. Abin da na tuna kawai, Saja da kiwo ya tashi, kuma can a daji ba ya da hira sai ta shanu da mashaya. Shi ya sa na ce mu je dam ɗin Ajiwa.

Mun tsaya shan mai a bakin gari. Kofur ya kalli mitar, ya kalli mai zubawa, ya ce, "Ɗan nan, zuma ka zuba mani?" Koko da ƙosai ma da muka saya, ƙosan ya koma kamar ƙwallon goriba don ƙanƙanta. Da muka fita gari sai hanya ta buɗe. Kaka ce, an yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, amalanke na ta fitowa daga gonaki. A wani shingen bincike yaran sojojin da ke aiki suka leƙo, suka gaishe mu da ladabi suka ɗaga hannu. Na duba madubi, na ga idon Saja yana bin kowace bishiya, hagu da dama, kamar har yanzu a motar sintiri yake.

Rana ta ɗan ɗaga muka isa. Ruwa ne shimfiɗe, ya cika har bakin ciyawa, masunta a cikin kwalekwale suna jan koma, masu lambu na gyaran fangali don tumatir da albasa. Iskar wurin daban take, tana da sanyi da ƙarnin kifi. Muka sami inuwar wata tsamiya muka zauna.

Nan muka yi abin kunya. Wata tsohuwa mai suyar kifi a gefe ta daɗe tana kallonmu, sai ta ce, "Bayin Allah, daga birni kuke?" Muka ce e, ruwa muka zo gani. Ta ce, "To ai ruwan na bayanku!" Na duba. Wallahi ba mu shirya ba, amma mun zauna baya da baya, kowa ya ɗauki ɓangarenshi na daji yana dubawa, ba wanda ya fuskanci dam ɗin. Haka aka koya mana zama, haka jikinmu ya riƙe. Kofur ya yi dariya har da buga cinya, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, gadin kifinki muke yi." Ni da shi muka juya. Saja bai juya ba. Kifin da muka saya mai zafi ne, da yaji da albasa, amma ko taɓawa bai yi ba. A raina na ce mun ƙona mai a banza.

Bayan azahar na ce mu taka. Muka bi bakin ruwa a ƙafa, ƙasa mai laushi, balbela na tashi a gabanmu. Can gaba muka tarar da wani dattijon makiyayi ya kawo shanu sun sha, sun kwanta ƙarƙashin gawo. Muka yi gaisuwa, ta gida, ta dabbobi, ta gajiya. Saja ya tsaya yana kallon shanun, ya daɗe. Sai ga shi ya yi magana, karon farko tun asuba.

"Kofur, ka ga waccan farar? Tuƙa take yi, ido a lumshe. Da akwai wani abu a dajin nan, da tuni ta miƙe ta ɗaga kunne."

Ya zauna a ƙasa kusa da su. Ya cire takalmi. Can ya ɗago ya dube ni, ya yi tambayar da rabona da jin ta tun muna cikin kaki: "Wa ke kan gadi?"

Na miƙe tsaye na ce, "Ni na karɓa, Oga. Kwanta."

Ya yi matashi da takalmanshi, ya rufe fuska da hula. Kafin ka ce me, sai minshari. Ni kuwa na tsaya ƙyam na ba shi baya, ina kallon daji, ba sanda ba bindiga, hawaye na zubo mani kamar yaro. Da la'asar ta yi, yadda muke yi a can muka yi: Kofur ya karɓe ni na yi salla, na karɓe shi ya yi. Makiyayin ya tashi zai kora shanu, Kofur ya matsa ya yi mashi magana ƙasa-ƙasa. Dattijon ya dubi mai barcin, ya koma ya zauna ya ajiye sandarshi, ya ce, "Ku bar shi, Malam. Su ma ba su gama ba."

Da Saja ya farka rana ta yi sanyi. Ya yi alwala a bakin ruwan, ya yi salla, sannan ya ce, "Ina kifin nan?" Ya cinye shi a sanyaye har kai.

Mun shigo Katsina kafin magariba, don hanya ba ta dare ba ce yanzu. Babban yayan Saja na zaune a ƙofar gida. Na gaishe shi, na ce, "Alhaji, ƙanenka ya yi barci, da idona na gani. Ba hauka yake ba. Bai sami wanda zai karɓe shi gadi ba ne tun da ya dawo. A ba mu lokaci." Ya ce, "In ya sake yi wa yara tsawa fa?" Saja da kanshi ya amsa, ya ce zai je asibiti ganin likita, in dai mu biyu za mu raka shi. Alhaji ya ce Allah ya sa a dace.

Ba zan ce ruwa da shanu sun warkar da shi ba, ƙarya ba ta da amfani. Abin da tafiyar ta koya mani, a cikin ɗaki mutum irinmu ba ya ganin abin da ke zuwa, sai ya yi ta jira. A fili kuwa ido na kaiwa nesa, ka ga saniya kwance, ka yarda babu komai. Ni ma da na kai su, ban san ina buƙatar wurin ba sai da na dawo na ji kafaɗuna sun sauka.

Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya tada maganar ƙauye. Mun sa ranar komawa Ajiwa, in Kofur ya yafe wa masu gidan mai. Kafin nan, duk ranar da ba ni da aiki, bayan azahar nakan je gidan Saja in ɗauki kujerar nan ta zaure in fuskanci ƙofa. Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a bayana.