Kogin Misisipi a Tsakiyar Aji

Har yau ban manta da ranar da Farfesa Rohana, shugabar sashenmu, ta shigo ajina duba koyarwata ba. Lokacin ina digiri na uku, ina kuma koyar da 'yan shekarar farko tarihin yaƙe-yaƙe. Ƙa'idar jami'ar ita ce, kafin a sabunta wa malamin wucin gadi aikinsa, sai wani babba ya zauna a ajinsa ya rubuta rahoto. Da wannan aikin nake riƙe iyalina a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje inda nake karatu.

Darasin ranar shi ne yadda sojojin jihohin Arewa na ƙasar Amurka suka ci na jihohin Kudu a yaƙin basasarsu: toshe tashoshin jiragen ruwa, ƙwace kogin Misisipi don raba Kudu biyu, sannan a kutsa ciki ana lalata layin dogo. Na shirya taswirori masu kyau, sai majigi ya ƙi kamawa.

Da na rasa dabara, sai na sa aka jera tebura a tsakiyar aji, na ce ga kogi. Rabin ɗalibai suka zama Kudu, sauran suka tare ƙofofi suka kama kogin. Aji ya kaure da dariya.

Wata ɗaliba daga cikin 'yan Kudu, Mei Ling, ta ce, "Malam, in an rufe ƙofa, ta ina abinci zai shigo mana?"

Na ce, "Ba zai shigo ba. Dabarar ke nan."

Sai Chidi, ɗan Nijeriya ɗaya tilo a cikin ɗaliban, ya ce a hankali, "Mu ma an yi mana haka. Kakata ta ce gishiri ma gagararsu ya yi."

Dariya ta ɗauke. Na gaya musu cewa kawuna ya yi wannan yaƙin basasar Nijeriya a ɓangaren gwamnatin tarayya, kuma har ya rasu ba ya son a tayar da zancen. Ragowar lokacin duk a kan mutanen da ke bayan ƙofa muka yi shi.

Da aka tashi, Farfesa ta ce, "Malam Sabi'u, zangon gaba ma kai za ka ɗauki ajin nan."

Da rana ni da Chidi muka ci abinci a mamak, wato ƙaramin gidan abinci na bakin titi, yana ba ni labarin kakarsa. Tun daga ranar, in zan koyar da dabarar wani janar, ba na tashin aji sai mun yi maganar waɗanda dabarar ta faɗa wa.